Zanen Daddawar Inna

Hancina ya riga ni mutuwa. Haka nake gaya wa masu zuwa gaishe ni in sun tambayi jiki, su yi dariya, ni ma in taya su. Wani zazzaɓi ne mai haɗe da mura ya zaga garin nan shekarun baya, ya kayar da ni har sai da aka ba ni gado a asibiti. Na tashi, ƙafa ta dawo, cin abinci ya dawo, amma hanci bai biyo su ba. Likita ya ce in yi haƙuri, wasu yakan dawo musu. Na yi haƙurin har na manta ina yin sa. Yanzu ina zaune a gidan babban ɗana a nan Kazaure, ƙofar ɗakina tana kallon madafa. Ina ganin hayaƙi yana tashi, ina jin ƙarar albasa a cikin mai, ina ganin jikoki suna ɗaga hanci suna zagaya tukunya. Ni kuwa iska ce kawai take shiga tana fita. Da ruwan farko ya sauka bana, kowa ya fito tsakar gida yana cewa a zo a ji ƙamshin ƙasa. Ni ma na fito na tsaya tare da su, na jiƙe, na koma ɗaki na sauya mayafi.

Tun da na zama 'yar kallo na lura da wani abu. Mutanen gidan nan, masu lafiyayyen hanci, kalma biyu ce tak a bakinsu: ƙamshi da wari. Abin da suke so ƙamshi, abin da ba sa so wari, an gama magana. Yaro ya yi fitsarin kwance, wari. Tuwo ya kama, wari. An gyara kifi, wari. Sai a ɗauko gwangwanin nan na fesawa a bi ɗaki da shi fis-fis, kowa ya huta. Ba na ganin laifinsu. Gida ne na siminti, babu turken akuya, babu rumbu, babu randar ƙasa, shara ma mai kura ne yake zuwa ya kwashe. Hancin da bai sha aiki ba ina zai samo sunaye? A gidanmu na ƙauye kuwa, can bayan duwatsun Roni, in ka ce wa Inna abu yana wari, duban ka take yi kamar ba ka buɗe baki ba. Sai ta ce, “Wari ai kowa ya iya faɗa. Wane iri?”

Inna daddawa take yi, kuma da ita ta riƙe mu bayan rasuwar Baba. A lokacin itatuwan ɗorawa sun cika gonakin gindin dutse, ba kamar yanzu da aka mayar da rabinsu gawayi ba. Mu ne masu tsintar kalwa, wato ƙwayar ɗorawa, mu ne masu ɗebo ruwa, mu ne masu iza wuta. Tukunyar kalwa ba ta san gaggawa ba, wuni take yi tana tafasa tana ɓararraka, Inna tana ƙara mata ruwa tana yi mata magana kamar mutum. In ta yi laushi a zuba a turmi da ɗan yashi a surfa, a kai rafi a wanke a cikin ƙwarya mai huje-huje har ɓawon ya rabu da ƙwaya. Ina iya jin sautin har yau, caka-caka, caka-caka, da ruwa yana tsiyaya. Daga nan a sake dafawa, a juye a kwando, a rufe da ganye da tsummoki, a kai bukkar da ke ƙarshen gida a ja ƙyaure. Daga wannan lokaci hannu ya gama nasa, sai hanci. Da sassafe Inna za ta shiga, ta ɗaga gefen tsumma kaɗan, ta sunkuya ta shaƙa. In tsami ta ji ta mayar ta rufe. In ta ji wanda yake hawa kai har ido ya kawo ruwa, sai ta ƙwala mana kira mu kawo turmi a kirɓa. In aka yi sakaci ya wuce nan, to ɗoyi ne, sai juji, kuma wannan makon miyarmu ma lami za a sha.

Mai wannan sana'a ba ya rabuwa da ita ko ya yi wanka. Tana cikin gashin Inna, tana ƙarƙashin farcenta, tana jikin tabarmarmu. Ni ce nake kai talla, kuma yaran unguwa ba su da dama. Da sun hango ni da faifai a ka sai su toshe hanci su bi ni da waƙa, wai ga 'yar gidan wari ta fito. Wata rana abin ya ishe ni. Na dawo na dangwarar da faifan, Inna ta miƙo hannu za ta gyara mini kallabi, na kauce na ce mata, “Ni kar ki taɓa ni, wari kike yi.”

Na runtse ido ina jiran mari, don Inna ba ta da wasa. Marin bai sauka ba. Da na buɗe ido sai na ga tana wanke hannu a tsanake. Ta kama wuyan hannuna ta ce, “Taho. Yau za ki koyi magana.”

Turken awaki ta fara kai ni, ta kamo bunsurun maƙwabta da ya shigo ta danga, ta tura fuskata kusa da wuyansa.

“Mene ne wannan?”

“Wari.”

“Hamami. Faɗi.”

Na faɗa. Ta ja ni bayan ɗaki inda ƙannena suke tsugunawa da safe, ta ce wannan zarni ne, kuma in na ji shi a jikin babba, to ba lafiya ba, in rufa masa asiri. Ta ɗauko ƙwaryar da aka gyara kifi a ciki ta kifa mini a fuska, ta ce ƙarni, shi ne na jini, shi ne na ɗanyen ƙwai, shi ne na ɗakin da aka haihu. Ta kankaro ƙanzo daga gindin tukunya ta ce ƙauri, amma in bambance: ƙaurin tuwo asarar gari ce kawai, ƙaurin tsumma kuwa in na ji shi in yar da abin da ke hannuna in ruga, don wani abu ne yake ci da wuta. Ta buɗe kullun koko ta ce tsami. Ta nuna mini guntun naman da ya kwana bai ga wuta ba ta ce ya fara bashi, yau in an dafa shi da kanwa a ci, gobe kare ma sai ya yi shawara. Ba ta bar ni nan ba, sai da ta fita da ni bayan gari, gindin dutse, inda jakin wani ya mutu ungulaye suna kai. Tun daga nesa na fara yunƙurin amai. Ta ce, “Wannan shi ne ɗoyi. Bayansa babu wani.”

A hanyar dawowa ta tsaya a inuwar wata ɗorawa. Ta durƙusa, ta kamo ƙeyata, ta cusa fuskata a cikin zanen da ke ƙirjinta, baƙin zanen saƙi da take aiki da shi. Ta riƙe ni a nan har sai da na daina mutsu-mutsu na fara numfashi.

“To, a cikin waɗanda na nuna miki, wanne ne wannan?”

Na shaƙa. Akwai kalwa a ciki, ba shakka. Amma akwai hayaƙin itace, da toka, da man shanun kitso, da zufa, da ɗan abin nan na nono, don a lokacin tana goyon autarmu. Duk sun haɗu sun zama wani abu guda da ba hamami ba, ba tsami ba, ba ƙauri ba, kuma ba ƙamshi ba irin na turare. Shi ne abin da nake ji in zazzaɓi ya kama ni ta goya ni. Na lalubi sunansa a cikin duk waɗanda ta ba ni ban samu ba. Na ce, “Ban sani ba, Inna.” Ta sake ni ta miƙe, ta karkaɗe gwiwa, ta ce, “To abin da ba ki san sunansa ba, kar ki yi saurin zaginsa.” Muka koma gida na ɗauki faifaina na fita talla.

Inna ta rasu ina goyon fari, autarmu kuma ta zama 'yammata. Bayan an yi sadaka aka tattara kayan sawarta za a raba, kuma ba a raba tufafin mamaci sai an wanke. Gwaggo, ƙanwar Baba, ita ta tsaya a kan wankin. Aka wanke komai aka shanya a kan danga, na bi su ɗaya bayan ɗaya ina sansanawa, babu Inna a ciki, sai sabulun salo da rana. Can na leƙa bukkar daddawa sai na ga baƙin zanen nan rataye a kan ƙusa inda ta bar shi. Ba wanda ya lissafa shi a cikin kaya. Gwaggo ta leƙo ta ce, “Wannan tsumman kuma a kai shi juji, wa zai ɗaura?” Na ce ni ina so. Ta taɓe baki ta ce in yi ta fama. Na ninke shi yadda yake, na sa a cikin wata ƙaramar kwalla mai murfi, na tafi da shi ɗakina.

Ba kullum nake buɗewa ba. Na san abin da aka yawaita buɗe shi iska take kwashewa, don haka na riƙa tattalinsa. Na buɗe ranar da naƙuda ta yi mini gardama. Na buɗe da ƙyanda ta ɗauke mini yaro. Na buɗe ranar da na fita takabar malam, mijina. Kowane buɗi sai in ji ya ɗan ja baya, amma yana nan, musamman a cikin ninkin tsakiya. In na sa fuskata sai in ji ana riƙe da ƙeyata. Da leda ta zo gari na ƙara masa leda. Da ɗana ya ɗauko ni daga ƙauye ya dawo da ni nan, na bar turmi, na bar gadon ƙarfe, amma kwallar a kan cinyata ta shigo Kazaure. Ban taɓa gaya wa kowa a gidan nan abin da ke ciki ba. Me zan ce? In ce ga tsumman da nake shinshina?

Bayan hancina ya tafi, sauran abubuwan ba su dame ni sosai ba, don suna da suna. In na ce zarni, ko ban ji ba, na san inda yake zaune a kaina, kamar mutum ya san hanyar ɗakinsa a cikin duhu. Hamami yana nan, ƙarni yana nan, sunayen sun riƙe mini su ko da babu komai a cikinsu. Na Inna ne ba shi da abin riƙewa. In na nemo shi a raina sai in samu jerin kalwa da hayaƙi da man shanu, amma shi kansa ba ya zuwa. Wurin da ya rage masa a duniya shi ne cikin zanen nan. Sai na koma buɗe kwallar kusan kowace rana bayan azahar, tunda ba ni da sauran dalilin tattali. In sa fuskata, in ja numfashi, in ji babu komai, in ce wa kaina ba komai, yana ciki, ni ce ba na ji. A haka na yi shekaru. Daga baya wata tambaya ta fara zama mini a ƙirji: in kuma ya ƙare fa? Ta yaya zan sani? Mutum ɗaya ya rage a duniya wanda ya san abin da ake nema, ita ce autarmu, wadda take aure a wani ƙauye a ƙasar Gwiwa, ita ma yanzu da jikokinta.

Na ce wa ɗana zan je ganin 'yar'uwata. Ya sa aka kai ni tasha a adaidaita, na hau mota, daga bakin titi ɗan acaɓa ya ƙarasa da ni, kwallar tana cikin mayafina. Na samu Auta tana tankaɗe a tsakar gida. Ta taso da guɗa tana cewa, “Yau mutanen birni ne a garinmu? Yaya, kin ga yadda kika yi fari? Zaman fanka ya karɓe ki.” Na ce ita kuma har yanzu bakin nan bai tsufa ba, haƙoran ne kawai suka gudu suka bar shi. Aka kawo fura na sha. Da hayaniyar gaisuwa ta lafa na ce ta zo ɗaki ina da magana.

Na buɗe kwallar na warware ledar. Tana ganin zanen ta dafe ƙirji.

“La ilaha illallahu. Yaya, na Inna ne? Na bukka?”

“Shi ne. Ba a taɓa wanke shi ba. Ke kin san hancina ya tafi. Sansana ki gaya mini ko tana ciki.”

Ta goge hannuwanta a jikinta, ta karɓa da hannu biyu. Ta sa fuskarta a ciki. Ta daɗe. Ta ɗago, ta buɗe ninkin tsakiya inda na nuna mata, ta sake sa fuska. Ina kallon kafaɗunta suna hawa suna sauka. Da ta ɗago karo na biyu ba ta dube ni ba, zanen take kallo.

“Yana nan, Yaya.”

“Me kika ji?”

“Ƙamshi. Ƙamshi mai daɗi.”

Na ce, “Auta, dube ni. 'Yar Inna ce take ce mini ƙamshi? Wane iri?”

Kaza ta shigo ɗakin ta zaga ta fita. Sannan ta ce, a hankali, “Sabulu ne, Yaya. Sabulun kanti, da turaren wuta. Irin wanda yake jikin mayafinki ɗin nan, tun da kika shigo nake jin sa. An wanke shi, kuma ba jiya ba.”

Ban tambaye ta ko ta tabbata ba. Mutum ɗaya ne yake turara mini kaya, matar ɗana, wadda har yau Amarya nake ce mata ko da yake ta cika gida da 'ya'ya. Iyayenta mutanen gabas ne, turare a jininsu yake, ko tsumman goge-goge ba ya tsira a hannunta. Sai na tuna da na dawo daga asibiti na samu an share ɗakina an gyara, an wanke komai har labule, na yi ta sa mata albarka. Na tuna kuma zanen ya yi mini laushi a hannu a lokacin, na ɗauka tsufa ne. Tabon kalwa ba ya fita a wanki, shi ya sa ido bai gaya mini komai ba. Wato duk shekarun nan fuskata a cikin sabulu take.

Auta ta fashe da kuka, tana rungume da zanen. Na zauna ina kallonta ina jiran nawa ya zo. Bai zo ba. Na duba cikina ko akwai fushi, shi ma babu. Na ce mata, “Ke kina iya tuna shi?” Ta share hanci da gefen zani ta ce, “In na ji zan gane. Amma haka kawai ba ya zuwa.” Na ce ni ma haka. Na kwana biyu a wurinta, muka yi hirar mutanen da suka mutu, na dawo.

Na iso gida da la'asar. Amarya ta zo ta durƙusa a bakin ƙofa kamar yadda ta saba, ba ta taɓa zama a kan kujera a gabana ba, ba ta taɓa haɗa ido da ni ba. Ta yi mini sannu da hanya, ta tambayi mutanen Gwiwa. Kwallar tana gabana a buɗe, ban mayar da murfin ba. Na ga idonta ya sauka a kai, ta sunkuyar da kai.

“Amarya, ke kika wanke?”

Ta ƙara sunkuyar da kai. “Ni ce, Iya. Kina asibiti. Na ɗauka tsohon zani ne ya ɓaci a ajiye, na ce kar ki dawo da ciwo ki same shi haka. Sai bayan ya bushe na nuna wa Abban yara, ya ce yana jin na kakarsa ne. Wallahi sau da yawa na zo bakin ƙofar nan zan faɗa, kunya ta hana ni.”

Na san gaskiya ta faɗa. Da ni ce a matsayinta, a gaban uwar mijina, ni ma da ban iya buɗe baki ba. Hawayenta suna ɗiga a kan siminti. Sai wani tunani ya zo mini, na ji zuciyata ta ɗan motsa, karo na farko tun daga Gwiwa. Yarinyar nan ita ce ta ƙarshe da ta buɗe kwallar alhali Inna tana ciki, kuma hancinta ya fi na kowa a gidan nan.

“Daina kuka, ba faɗa zan yi ba. Abu ɗaya nake so. Da kika buɗe, kafin ki sa a ruwa, me kika ji? Faɗa mini yadda yake, ko da kaɗan ne. Kar ki ji kunya, duk abin da kika ji.”

Ta share hawaye da gefen mayafi. Sannan ta ce, muryarta can ƙasa, “Iya, ki yafe mini. Ina ɗaga murfin na toshe hancina da mayafi. Ban sake ba sai da kumfa ta rufe shi.”

Na ce to. Na ce Allah ya yi mata albarka, ta tashi ta duba tukunyarta, na ga hayaƙin ya yi yawa, kuma in ta kama, ni ba zan ji ƙaurin ba.